Rasuwar Hajiya, Butar Shayin Gidan Maccido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaron da ya kwana uku bai ga ruwan zafi ba, Malam Yari Maccido, tela a kasuwar Illela, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na wannan tsallake da na wancan rasuwar butar shayin gidansu, wadda aka fi sani da Hajiya. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, a kan murhunta, cikin wannan shekara ta 1963, bayan doguwar jinya wadda mai ita ya ɗauka alamar girma ce.

Sunan Hajiya ba na tsokana ba ne. Mahaifinsu, marigayi Alhaji Maccido, shi ya zo da ita daga Makka zamanin da ake zuwa a ƙasa, ta shekara biyu a hanya tana rataye a gefen jaki. Ke nan ta riga duk matan unguwa ganin ƙasa mai tsarki, abin da wasunsu har yau ba su yafe mata ba. Tagulla ce, mai haƙuri da wuta, ba ta gulma, ba ta kai ƙara. Iyakar maganarta biyu: in ta fara ɗumi ta ce shiiiii, in ta tafasa murfinta ya ce ƙwal-ƙwal-ƙwal.

Babban aikin da ta yi a duniya kuwa, kowa ya san shi. Da Alhaji ya rasu, Malam Yari da wansa Dabo, mazaunin Birnin Ƙonni, suka ɓata a kan iyakar wata gona a Tozai, har suka daina gaisawa. An raba komai na gado sai buta, don ba a raba buta biyu ta yi shayi. Malamin da ya yi rabon ya ce ta zauna wurin ƙane, amma finjalin farko na kowace Lahadi haƙƙin wa ne. Dabo mutum ne da ba ya barin haƙƙinsa ko na ƙwayar gero. Shekara goma sha ɗaya, duk Lahadi, ranar kasuwar Illela, sai ya hau jakinsa ya zo ya zauna a zaure, ya shanye gadonsa, ya kife finjali, ya tashi. Uffan ba ya cewa, shi ma ƙanen ba ya cewa, Hajiya ce kaɗai mai magana a tsakaninsu. Da aka samu mulkin kai, aka kafa tuta nan aka kafa tuta can, Dabo ya wayi gari mutumin wata ƙasa, amma bai fasa ko Lahadi ɗaya ba. Malam Yari bai taɓa gaya wa kowa ba, amma tun daren Asabar yake fara duban hanya.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga famfon da aka kafa a bakin tasha shekarar murnar 'yanci. Malam Yari ya ce wadda ta sha ruwan Makka ba ta ƙara shan ruwan rijiya tare da kwaɗi a ƙasar da ta mallaki kanta. Ashe ruwan mai zartsi ne. Matan gari suka riga kowa ganewa: sabulu ya ƙi kumfa, wake ya wuni a wuta yana nan kamar tsakuwa, wanki ya bushe ya sandare har riga ta kusa tsayawa da kanta. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki guga suka koma rijiya, aka bar Malam Yari da famfonsa.

Ba a jima ba wani farin ƙanzo ya fito a cikin Hajiya, ya kama gindi, ya bi wuya. Tasalla, uwargidan Malam Yari, ta leƙa ta gani.

"Malam, mi kaka jira?" ta ce. "Ruwan ga na cin ta. Bari in dahwa tsamiya cikinta, abin ga shi saki."

Malam Yari ya dube ta duban wadda ta yi saɓo. "Ke Tasalla, ki ji tsoron Allah. Hurhura ta. Wa ka tsige ma tsohuwa hurhura?"

Daga ranar ya hana a kankare ta, ya ƙara mata girma, ya koma ɗaukarta da hannu biyu. Ta yi nauyi, ya ce natsuwa ce. Ta riƙa jinkirin tafasa, ya ce babba ba ya gaggawa. Shiiiii ɗin nan nata ya koma kyah-kyah-kyah, ya ce tarin tsufa ne, ya matsar da ita daga iska. Shayi ya fara fita ɗis-ɗis yana barin gari-gari a harshe, Dabo ya riƙa taunawa yana haɗiyewa, don ko tsakuwa ce a cikin rabonsa ba zai bar wa ƙanensa ba.

Ranar da abin zai faru, Dabo ya zo ya zauna, ya miƙo finjali. Malam Yari ya karkata ta, ba ko ɗigo. Ya mayar da ita kan garwashi ya ƙara fifita. Sai ta ce kyah sau ɗaya, gindinta ya tsage, ruwan ya kashe wutar. Dabo ya buɗe murfi ya daɗe yana kallon ciki, sannan ya ɗago ya dubi ƙanensa ido cikin ido.

"Kai kak kashe ta," in ji shi. Ya kwance jakinsa ya tafi.

Maƙerin da ya duba gawar ya ce hancinta ya toshe ƙam, ko allura ba ta shiga, kuma da an ba ta tsamiya tun bara da yanzu tana nan. Tasalla tana wurin, ta dai yi gyaran murya sau uku.

Marigayiyar ta bar finjali biyu, da murhu wanda har yanzu bai dawo hayyacinsa ba, da mafici, da kuma magada biyu waɗanda yanzu ba abin da ya rage musu na tarayya. Wannan shi ne abin da ya hana Malam Yari taka keken ɗinki tun ranar. Yana tsoro, kuma bai ɓoye ba, kada Lahadi ta zo hanyar Ƙonni ta zama wayam.

Game da jana'iza: liman ya ce ba a yi wa tagulla salla, an kuma karɓi fatawarsa. Za a binne ta a gindin kurnar ƙofar gida. Masu zuwa ta'aziyya za a ba su shayi na tukunyar miya da ruwan rijiya, wanda ya ji ƙanshin daddawa ya yi haƙuri. Ana roƙon kada kowa ya kawo sabuwar buta.

Ba a sa rana ba tukuna, domin a gidan Maccido ba a kai mamaci babban ɗa bai iso ba, kuma rabin mamaciyar nasa ne. Gawar ba ta wari, za ta iya jira. Duk mai ƙetarawa Ƙonni ya taimaka ya gaya wa Dabo an shimfiɗa tabarmarsa, an wanke finjalinsa. In ma zagi zai zo yi, ya zo ya ƙarasa. Malam Yari ya ce shekara goma sha ɗaya rabonsa da jin muryar wansa, kalma huɗu ba su ishe shi ba.