Ido A Kan Malami

"Ni fa a wurina, bulala ta tsofaffin malamai ce. Ku ba ni usur kawai, in ban mai da 'yan aji biyu sojoji ba, ku canza mini suna."

Malam Surajo ke nan, malamin wasanni a ƙaramar sakandaren maza da nake koyar da lissafi, can wajen Tiga a ƙasar Bebeji. Wata 'yar bita aka tura shi Kano, wadda rabinta cin abinci ne, amma da ya dawo sai ka rantse daga Turai yake. Ya ce daga yau a riƙa kiransa Koci. Mu kuwa ba mu da rowa, muka ƙara masa, ya zama Koci Babu Kofi. Yara su ma suka raɗa masa nasu, Malam Firit, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya busa usur kafin ya amsa.

Abin da ya ɗaga masa kai shi ne muƙamin malamin ladabtarwa da ya zama babu kowa a kai. Shugaban makaranta, Malam Badruddeen, ya ce akwai jami'i da zai zo daga ofishin ilimi ya kalli darasin wasanni. In ya ga tsari da ladabi, muƙami na Surajo ne, in kuwa bai gani ba, a ba Malam Audu mai Larabci. To shi gogan naka bai jira zuwan jami'i ba. Tuni ya je Kiru ya shaida wa surukansa an yi masa ƙarin girma, har sun yanka masa zakara ya cinye. Ka ga ke nan dole muƙamin nan ya tabbata, in ba haka ba da wace fuska zai sake shiga gidan.

Su kuwa 'yan aji biyu, abokina, ba yaran da za ka tsorata da gajiya ba ne. 'Ya'yan masunta ne da manoman rani, jikokin waɗanda ruwan dam ya tasa daga garuruwansu. Kafin yaro ya zo makaranta ya riga ya ja komar kamun kifi, ko ya yi dakon kwandunan tumatir daga gona zuwa bakin titi. A fili kuwa wannan ya tokari wancan, wancan ya ɗauke ƙwallo ya ruga, wasu sun koma gefe suna kokawa.

Dabarar farko da Koci ya fito da ita gudu ce. Duk wanda ya yi surutu ya zagaya fili da gudu, kada ya tsaya sai an ce ya tsaya. Ya kori rukunin farko, suka tafi suna dariya. Filin namu babu katanga, iyakarsa gonakin mutane, sai yaran suka ga ai ba a gaya musu inda fili ya ƙare ba. Suka zagaya kuka, suka wuce gonar albasa, suka faɗa kwalbatin ruwan ban-ruwa suna iyo. Sauran da suka hango haka, sai surutu ya tashi kamar ranar kasuwa, kowa na neman a hore shi. Ranar dai Koci da kansa ya fi kowa gudu, yana bin bakin ruwa yana busa usur, su kuma suna ɗaga masa hannu daga ciki.

Da ya dawo ofishinmu yana haki na yi masa sannu, na ce lallai sojojin ruwa aka fara yayewa. Ya harare ni ya ce wannan gwaji ne, ainihin ilimin na nan tafe.

Ainihin ilimin ashe jan kati ne. Ya yanko kwalin sabulu ya shafa masa jar tawada, ya ce duk wanda aka ɗaga wa shi an kore shi daga wasa, ya tafi ƙarƙashin darbejiya ya zauna, kunya ta ishe shi. Lokacin bazara ne, ranar da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Yaro na farko da ya sha kati ya je inuwa ya miƙe ƙafa, ya tallafe ƙeyarsa da hannu yana hamma. Ba a jima ba kowa ya shiga neman laifi ido rufe. Har wani dogo mai suna Hafiz, wanda ya rasa laifin da zai yi, ya matso cikin ladabi ya durƙusa.

"Malam, don Allah ni ma a duba ni. Wallahi jiya na zagi wani a hanya."

Kafin a kaɗa ƙararrawa aji duka na inuwa suna shan iska. Mutum ɗaya ya rage a rana, riƙe da kwali, gumi na wanke masa jar tawada a hannu.

Nan fa Koci ya ga zuwan jami'i ya matso, zakaran Kiru kuma ya fara yi masa cara a ciki. Sai ya tara yaran ya sha mur, ya kafa doka. Usur ɗaya, kowa ya daskare inda yake, ba magana, ba motsi, ido a kan malami. Ko me za a ce, ko wa zai ce, ko da shi kansa ne, kada wanda ya motsa sai ya ji usur na biyu. Wanda ya karya kuwa, kai tsaye za a kai sunansa wajen alaramman da ke ba su karatun allo da yamma. Jin sunan alaramma sai jikinsu ya yi sanyi, don shi ba ya zuwa bita, kuma bulalarsa ba ta tsufa. Gaskiya a wannan karon doka ta kama, har ni sai da na ji tsoron kada mutumin nan ya zama shugabanmu.

Ana gobe jami'i zai zo, Koci ya ce ai ba za a yi baƙo babu ramin dogon tsalle ba. Ya sa yara suka haƙa rami a ƙarshen fili, dab da gonar tumatir ɗin wani maƙwabci. Da yake horo ne, bai bar su sun tsaya ba sai da ya kai ƙugun babban mutum. Yashin da ya yi oda bai iso ba, sai aka mayar da ƙasar da aka tono, aka baɗe samanta da buntun shinkafa, abu ya yi kyau a ido. Da asuba mai gona ya saki ruwa a tumatirinsa kamar yadda ya saba. Ruwa kuwa ya sami ƙasa mai laushi a kusa, ya tsiyaya ya shige ƙarƙashin buntu ya kwanta.

Jami'i ya iso da hantsi, wani dattijo mai ƙarancin magana, Malam Tasi'u. Aka ajiye masa kujera, malamai muka jeru a baya. Sai ga Koci ya fito cikin kayan wasanni na gwanjo da ya sayo a Kwanar Dangora, wandon ya yi masa yawa, robar ƙugun kuma ta ga duniya. Yara na ta tsalle-tsalle da ihu kamar yadda ya tsara, ya kalli baƙo ya yi murmushi, ya busa. Firit!

Fili ya yi tsit. Wani ƙafarsa ɗaya a sama, wani baki buɗe, ido duk a kan malami. Malam Tasi'u ya gyaɗa kai. Da mai hankali ne da nan zai sake busawa ya karɓi muƙaminsa ya tafi. Amma gyaɗa kan nan ya shiga kansa, ya ce bari ya nuna wa yara yadda ƙwararru ke dogon tsalle tun suna natse. Ya ja da baya, ya sheƙo da gudu, usur na lilo a wuyansa, ya tashi sama. Tsallen dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Saukar ce ta zo da wata ƙara kamar an jefa turmi a rijiya.

Sai ga Koci tsundum cikin laka har ƙugu, buntu ya manne masa a fuska da gashi kamar ƙuli-ƙulin da ya faɗi a dusa. Ya miƙa hannu yana kiran Hafiz da sauran manyan aji su zo su ja shi. Ko gezau. Idanunsu sun kawo ruwa saboda dariyar da suke haɗiyewa, amma ba wanda ya motsa ko yatsa. Ya lalubo usur ya sa a baki ya busa da ƙarfi, laka ta fito ta ɗaya gefen, fut.

Ni da shugaban makaranta muka je muka kama hannuwansa muna ja. Ya fara fitowa, sai na ga idonsa ya zaro. Laka ta riƙe takalma, takalma sun riƙe ƙafar wando, robar gwanjo kuma ta sallama. Ya fizge hannunsa ya koma ciki da sauri, yana raɗa mana cewa wandon ya sauka har idon sawu, abin da ke ciki kuma ba na shiga jama'a ba ne. Ya juya ga yara.

"Ku juya baya. Na ce kowa ya juya baya."

Aji guda na tsaye ƙiƙam, ido a kan malami. Shugaban makaranta ma ya daka musu tsawa, amma doka ta ce ko wa zai ce. Aka tambaya ko akwai wani usur a makarantar, ashe babu, don tun dawowarsa daga bita ya hana kowa riƙe usur sai shi.

Malam Tasi'u ya taso a hankali ya zagaya yaran yana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tun da yake yawon makarantu bai taɓa ganin biyayya irin wannan ba. Jin haka sai Koci, daga cikin rami, ya share laka daga bakinsa ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, to maganar muƙamin fa?"

Dattijon ya leƙa ramin, ya dubi agogonsa.

"Naka ne, Malam, in ka karɓa yanzu, don Doguwa zan wuce. Sai dai muƙami a tsaye ake karɓarsa, a gaban ɗalibai. Fito mana."

Koci ya dubi dattijo, ya dubi idanun da ke kansa ba ko ƙiftawa, ya dubi Malam Audu mai Larabci da ya riga ya fara gyara hula. Sai ya ƙara durƙusawa a hankali, har laka ta kai masa wuya.