Allurar Hanta da Makullin Kicin

Wani ne fa, irin mutanen nan da in an ba su misali sai su tafi da shi gida su aikata. Ciwon hanta ya kama shi. Wata huɗu yana zaryar asibiti kafin sunansa ya shiga cikin waɗanda za a gwada wa wata sabuwar allura.

Ranar farko likita ta zaunar da shi, ta jawo takarda ta zana hanta, ta ɗiga ɗan ɗigo a ciki.

Ta ce, "Malam, ƙwayar cutar nan baƙuwa ce a hantarka. Amma ba ta iya zama ita kaɗai. Akwai wata 'yar mitsitsiyar aba a cikin hantar, maikro-RNA muke ce mata, ita ke yi mata hidima. Allurar nan ba ta taɓa baƙuwar. Mai hidimar take ɗaurewa."

Ya ce, "Sai me?"

"Sai baƙuwa ta rasa mai kula da ita, ta kasa hayayyafa, ta ƙare."

Ya zaro ido. "Ba faɗa? Ba wanda zai ce ka kore ta?"

"Babu. Amma ka ci abinci sosai. In nauyinka ya faɗi, dole mu cire ka daga gwajin."

Wannan na ƙarshen, wallahi ta bayan kunnensa ya wuce. Hankalinsa ya riga ya tafi gida. Domin akwai kawunsa da ya zo kwana uku, ga shi yau wata tara. Ya gaje kujerar falo, ya gaje rediyo, har silifas ɗin mutumin naku ya gaje. Kuma wa ya isa ya ce wa kawu ya tafi?

Yana isa gida ya danna wa kicin kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Matarsa ta ce, "Baban yara, lafiya?"

Ya rage murya. "Ilimin zamani ne, ba za ki gane ba. Ba a taɓa baƙo. Mai hidima ake ɗaurewa. Ke ce maikron."

"Ni ce me?"

"Ke dai kar ki ƙara ɗora tukunya."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka!" Shekara goma sha biyu ba ta taɓa samun hutu ba. Ta kwashi yara, kullum su wuni gidan yayarta, su dawo suna gyatsa.

Shi kuwa ya je ya durƙusa gaban Kawu, ya marairaice. "Kawu, gidan nan fa ba abinci. Sai haƙuri."

Kawu ya ce, "Ba komai, ɗana. Tare muka ci daɗi, tare za mu sha wuya."

Kwana biyu cikin mutumin naku na kiran ciroma. Ya sulale ta ƙofar baya ya tafi wurin mai abinci. An zubo masa, ya ɗaga cokali ke nan sai ya ji, "Salamu alaikum." Kawu ne tsaye a kansa, sanye da silifas ɗinsa. Ya zai yi? Ya tura masa kwanon. Washegari ya canza layi, ya tafi wurin wata mai abincin. Kawu ya riga shi zama, har ya wanke hannu.

Kafin mako ya zagayo, maƙwabta sun ji labarin ana horar da tsoho da yunwa. Sai kwanuka ta ko'ina, wannan da nama, wancan da kifi, kowanne da saƙo: "Na Baba ne shi kaɗai, kar a ba wa azzalumin nan." Kawu ya ci ya suɗe hannu, ya leƙo ya ce, "Ɗana, amana ce, da na sam maka."

Mako uku cif. Wuyan Kawu ya yi kauri, wandon mutumin naku sai da ya ƙara wa bel huda biyu.

Ya koma asibiti, aka ɗora shi a sikeli. Likita ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

"Malam, jininka ya nuna cutar ta ragu ƙwarai. Amma ina ka kai kilo bakwai?"

"Ai ni ma gwaji nake yi a gida, likita."

"To ka ji. Mako biyu na ba ka. In ba ka mayar da su ba, na cire sunanka, akwai mutum ɗari a layi."

Ya fito a guje, makulli a hannu, yana tangaɗi. Yana shan kwanar gida sai ya ga mota a ƙofa, ana sauke katifu da tukwane da keji na kaji. Ga matar Kawu tana ba da umarni. Ga 'ya'yan Kawu bakwai sun cika falo, ƙaramin har ya hau kan talabijin.

Matarsa ta raɗa masa, "Barka, Baban yara. Baƙuwar hanta tana mutuwa, ta gida ta hayayyafa."

Kawu ya taso ya dafa kafaɗarsa, idonsa har da ƙwalla, ya miƙa hannu.

"Na ga matarka ta daina girki, kana ta lalacewa. Kawo makullin, ɗana. Mun yi rantsuwa, babu mai barin gidan nan sai ka yi tumbi."