Ranar da Muka Ci Wasan Bara

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tara malaman lekol ɗinmu, wato makarantar da nake koyarwa, a gidana a unguwar Boukoki, na sa su murnar nasarar da ba a yi ba.

A makon ne na sayo akwatin tele a Kalley, irin wanda ake jona wa talabijin a haɗa ta da intanet. Ɗan ƙarami ne kamar sabulu, amma mai shagon ya ce fim, wa'azi, ƙwallo, duk suna ciki. Tun daga ranar na addabi ɗakin malamai. Duk mai parabol, faifan kama tashoshi, a kan rufinsa sai na dube shi da tausayi. (Alhali ni kaina ban gama gane maɓallan telekomand ɗin da ake sarrafa shi da shi ba.)

Da ranar wasan ƙungiyar ƙasarmu ta zo, na gayyaci kowa, har da direktanmu, dattijon da ba ya dariya sai da dalili. Matata ta soya fari, ta dama lemun zoɓo. Ta kira ni da laƙabin da ake yi wa malaman lekol, ta ce, "Mushe, ka gwada abin nan tukuna?" Na ce mata ta bar wa masana aikinsu.

Bayan la'asar na rubuta sunan ƙasashen biyu, hotuna suka jero, na danna na farko. Hoto ya fito tar, ba ya ko tsinkewa. Direkta ya gyara tabarau ya ce, "Wannan mai tsaron gidan, ba cewa aka yi ya karye ba?"

"Ai ya warke, ranka ya daɗe," na ce, da muryar wanda ya je dubiya da kansa.

Muka ci ɗaya, muka ƙara. Malamin lissafi ya taka farantin fari. Na lura unguwa ta yi tsit, amma na shaida wa baƙina cewa akwatina ya riga parabol sauri, sai an jima maƙwabta za su gani. Da aka tashi uku da nema, muka ɓarke waje. Ni ne a gaba, ina dukan murfin tukunya da ludayi, direkta a bayana yana kaɗa hula.

A bakin titi muka tarar da 'yan fadar shayi sun yi jugum gaban telensu. Tela Isufu, maƙwabcina, ya ɗago kai.

"Mushe, lafiya? Haihuwa aka yi?"

"Uku da nema," na ce.

"Biyu aka zura mana, kuma saura minti goma."

Muka koma ciki a jere. Malamin lissafi ya karɓi telekomand, ya nuna ɗan rubutun da ke ƙasan hoton: an ɗora shi wata goma sha ɗaya da suka wuce. Abin takaicin, duk mun kalli wannan wasan bara, wasunmu ma a filin.

Direkta ya mayar da hularsa a hankali ya ce, "To, aƙalla mu mun ji daɗi."

Akwatin yana nan, yana aiki lafiya lau, ba shi da laifi. Ni ne dai yanzu nake karanta ƙananan rubutu kafin in ɗauki murfin tukunya. A lekol kuma, ko labarin rasuwa na kawo, sai wani ya tambaya, "Ta bana ce ko ta bara?"