Cindo da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

A ƙauyenmu na Kwarin Maje, gidan marigayi Malam Jibo mai haƙar rijiya yana manne da shagon askina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutum uku suka rage a gidan: Inna Tabawa matar marigayin, da babban ɗanta Ilu mai ɗaukar hoto, da ƙanensa Cindo. To, Cindon nan shi ne abin labari. Ƙato ne mai gemu, ba ya faɗa, ba ya ƙarya, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa cewa ya raka baƙo, ya raka shi har garinsu ya zauna can, don ba wanda ya ce masa ya juyo. Kowa ya yi dariya ban da ubansa. Duk rijiyar da Malam Jibo zai shiga, ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai Cindo. Yakan ce, "Mai wayo yana iya tuna wani abu ya saki. Wannan kuwa ba ya saki sai na ce."

Ilu yana da kwamfuta a shagonsa, irin ta tebur ɗin nan mai akwati a ƙasa da gilashi a sama. A cikinta akwai bidiyon da ya ɗauki ubansu ranar da ya shiga rijiyarsa ta ƙarshe, kuma babu irinsa a ko'ina. Inna ba ta taɓa yarda ta kalla ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sai bana likita ya gaya mata hawan jinin ido ya cinye na dama, na hagun ma yana kan hanya. Tana dawowa ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ilu, nuna mini ubanku tun ina gani." Ilu ya danna makunni. Gilashi ya yi haske, 'yan ɗigo suka fara zagayawa, sai ɗif! Ta mutu. Ya sake, ta sake. Inna ta ce ba komai, ta lalubi bango ta koma gida. Wallahi ranar har ni sai da na kasa cin tuwo.

Wata rana Ilu zai tafi kasuwa ɗaukar hoto, ya zaunar da Cindo gaban kwamfutar ya ce, "Ka ga nan? Ka danna. In ta mutu ka sake dannawa, har sai ta tashi." Cindo ya ce, "To, Yaya." Tun hantsi yake dannawa. Ta yi haske, ta mutu, ya danna. Yara suka taru a taga, manya suka biyo baya, har da masu dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Wani tsoho ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin abin da ke mutuwa yana farfaɗowa haka ba, ikon Allah ya fi gaban mamaki. Da ta yi haske sai jama'a su ce, "Ta tashi!" Da ta ɗauke sai su ce, "Ayya!" Aka kawo wa Cindo fura ya sha da hannun hagu, na dama yana kan makunni. Bai daina ba sai da man janaretan layinmu ya ƙare. Ilu ya dawo ya tarar da yatsan ƙanensa ya kumbura, kwamfuta kuwa tana nan yadda ya bar ta.

Wata rana Ilu ya buga wa wani mai gyara a birni waya, Injiniya Mutari. Injiniya ya ce, "Wani lokacin abin da aka jona mata ne ke kayar da ita. Ku cire duk abin da ke haɗe da ita, sannan ku gwada." Ilu yana sauri zuwa wani suna, ya maimaita wa Cindo maganar ya fita. Cindo ya cire allon da ake danna rubutu, ya cire gilashi, ya cire na'urar buga hoto. Sai ya ga wayar wuta ta bi bango ta fita waje. Ya bi ta. Mu kuwa duk layin janareta ɗaya muke sha. Ina tsakiyar yi wa Mai Unguwa aski, na kwashe rabin kai, sai kilifa ta yi shiru a hannuna. Na waiga, ga Cindo da soket ɗina. Na ce, "Kai, lafiya?" Ya ce, "Haɗe take da ita." Ya wuce ya cire firizar mai ƙanƙara, ya zare wayoyin mai caji ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙasa, bai tsallake ko ɗaya ba. Mai Unguwa ya kifa hula a kan rabin askinsa ya fita yana huci. Ni da na tashi in zazzaga masa masifa, sai na ga ya tsaya yana duban wayar da ta tafi masallaci, ya ce, "Wannan ma?" Na riƙe masa hannu na ce, "Don girman Allah, wannan ba ta haɗe!"

Wata rana kuma Injiniya ya ce wataƙila zafi ne, a kai ta inda ya fi ko'ina sanyi ta huta. Ilu yana nufin inuwar zaure. Amma ɗan mai haƙar rijiya ya san inda ya fi ko'ina sanyi a garin nan. Cindo ya saka akwatin a kwando, ya ɗaure da igiyar ubansa, ya zura shi a rijiyar bakin kasuwa har sai da ya rage kamu ɗaya ya taɓa ruwa. Ya kafa ƙafa ya riƙe. Mata suka zo da tulu suka tsaya cirko-cirko, ba mai iya jefa guga. Da labari ya kai wa Ilu, a guje ya zo ba takalmi, ya leƙa, ya dafe kai. Bai iya ko tsawa ba, tsoro yake kada Cindo ya firgita. A hankali ya ce, "Cindo, jawo ta." Ya jawo ta sumul, ko ɗigon ruwa babu, akwatin ya yi sanyi kamar randa.

Abin mamaki, da aka jona ta ranar sai ta wuce inda ta saba mutuwa. 'Yan ɗigon suka gama zagayensu, gilashi ya buɗe, sai ga fuskar Malam Jibo da Ilu ya sa a bangon gilashin, da hularsa da murmushinsa. Muka yi salati gaba ɗaya. Ilu ya ƙwala kira, "Inna! Inna, zo!" Kafin ta lalubo ƙofa ta mutu. Inna ta tsaya a bakin shago tana tambaya, "Ina yake?"

Daga nan Injiniya ya ce a kawo ta birni kawai a yi mata formatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a zuba sabo, don haka suke yi wa masu irin wannan ciwon. Ilu ya ce, "Bidiyon fa?" Injiniya ya ce ba zai yi masa alkawari ba. Ilu ya yi kwanaki yana juya maganar, amma da shagon nan ake ci a gidan, ba yadda zai yi. Bai gaya wa Inna ba. Ni ya gaya wa, yana share ido da bakin riga.

Wata rana, ranar da za a kai ta, Ilu yana da ɗaukar hoton biki a wani ƙauye can cikin daji. Ya roƙe ni in ɗauki Cindo a babur. Ya naɗe akwatin da zane ya ɗora masa a cinya, ya ce, "Ka san halin 'yan tasha. Kada ka bar kowa ya taɓa ta." Cindo ya ce, "To, Yaya."

Muka isa shagon Injiniya lafiya. Mutum ne mai fara'a, ga kwamfutoci jibge har rufi. Ya ɗauko filashi, ɗan abin da yake soka wa kwamfuta ya yi formatin da shi, ya miƙo hannu. Cindo ya rungume akwati.

"Yaya ya ce kada kowa ya taɓa ta."

Injiniya ya yi dariya ya ce, "Ai ni aka aiko ka ka kawo wa."

"An ce in kawo. Ba a ce ka taɓa ba."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai hannu ni ma ya kauce. Muka buga wa Ilu waya, ba sabis a inda yake. Injiniya ya tafa hannu ya ce, "Tabɗijam! Rijiya ta bayar, guga ya hana. To me zan yi mata, kallo?" Cindo ya yi tunani ya ce, "Kallo bai hana ba."

Injiniya ya ga abin ya zama wasa, ya maida hannuwansa baya ya ce, "Shi ke nan, jona ta da kanka ka kunna, ni in yi kallon." Cindo ya kunna. Da yake ba abin da zai yi da hannu, sai Injiniya ya sunkuya ya kasa kunne. Ta yi haske, ta mutu. Murmushinsa ya ɗauke. Ya ce, "Sake." Aka sake. Ya ce, "Ban ji fankar ciki tana juyawa ba." Ya nuna sukuddireba da haɓa, ya ce wa Cindo ya kwance murfin gefe.

Jama'a, gani ya kori ji. A kan 'yar fankar da ke sanyaya cikin akwatin, zanzaro ne ya yi gini. Ɗakuna ne na laka jere reras kamar ƙananan tukwane, sun kama fankar gam. Abin nan da ke ɗauke da fuskokin garinmu kaf, da muryar mamaci a cikinsa, ƙwaro ne da bai kai ɗan yatsa ba ya tsayar da shi da laka! Na ce, "Allah mai iko." Injiniya ya ce a kawo tsinken tsintsiya. Cindo ya ɓanɓare ginin a hankali, ya hure, ya taɓa fanka ta juya. Ya danna makunni. Ta yi haske, 'yan ɗigo suka zagaya, fuskar Malam Jibo ta fito ta zauna daram. Muka jira ta mutu, ba ta mutu ba.

Injiniya ya dubi Cindo, sannan ya ce da ni, "Zafi ne ke kashe ta tun kafin ta gama tashi. Ba abin da ya sami kayan cikinta. Da ya bar ni na taɓa, aikin da aka aiko ni in yi zan fara, in ta tsaya mini na ɗan lokaci in goge komai, kuma ta ci gaba da mutuwa."

Bayan la'asar muka iso gida, Ilu ma ya dawo. Da ya ji yadda aka yi sai ya zauna a ƙasa. Aka kawo Inna, aka sa mata kujera dab da gilashi, ta karkata kai ta kawo idon hagu kusa. Ilu ya buɗe bidiyon. Ga Malam Jibo a bakin rijiya yana ɗaura igiya a ƙugu, yana tsokanar mai ɗaukarsa. Inna ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne, har da tsagar goshin." Ta ɗaga hannu za ta shafi fuskarsa, sai Cindo ya tare hannun a hankali.

"Inna, Yaya ya ce kada kowa ya taɓa."

Ilu yana hawaye yana dariya ya ce, "Na janye, Cindo. Bar Inna ta taɓa."

Ta ɗora tafinta a kan gilashin. A ciki Malam Jibo ya zura ƙafa a rijiya, ya ɗago kai ya dubi gefe ya ce, "Cindo, riƙe igiya. Kada ka saki sai na ce."

Cindo ya miƙe tsaye, ya dunƙule hannuwansa biyu, ya ce, "Ban saki ba, Baba."