Ranar da Na Naɗa Kaina Mudir

Shekarar da kamfaninmu na Kuwait ya rufe, na dawo gida Makka da akwati ɗaya, amma duk mutanen unguwarmu ta Mansur na shaida musu hutu na zo. Matata Hajara kaɗai ta san gaskiya. Da cefane ya fara gagara, ita ta tura ni ofishin tallafin marasa aiki.

Na sa jallabiya mai guga, na fesa turare, na tafi ina ganin mutumin da ya ga duniya ba zai kasa cika takarda ɗaya ba. Ina zama gaban ma'aikacin, sai na ji murya a bayana: "Kawu, kai ne nan?" Bala ne, maƙwabcinmu, wanda bakinsa ba ya riƙe magana.

Daidai lokacin ma'aikacin ya tambaye ni ko ina da wani aiki yanzu. Na gyara zama, na ɗaga murya don Bala ya ji: "Alhamdulillahi, ni mudir ne, babban manaja. Motocin alhazai nake kula da su a Aziziyya."

"Masha Allah, ya Hajji," in ji shi, ya miƙo mini takarduna. "To wannan tallafin ba naka ba ne."

Bala kuwa, da shi ma tallafin ya zo nema, ya faɗi gaskiya aka rubuta sunansa. Kafin na iso gida labari ya riga ni.

Yau na tsufa, motar haya nake hawa. Amma duk ranar kasuwa sai Hajara ta leƙo ta ce, "Mudir, a turo mini mota ɗaya mana."