Ƙararrawar Lauya Dadson

A duk tsofaffin ɗaliban jami'armu ta bakin teku babu mai ƙaunarta kamar Lauya Ekow Dadson. Shi ya faɗa, lauya kuwa ba ya ƙarya. Mu da muka taso tare da shi tun makarantar mishan muna kiransa Ginshiƙin Jami'a, yana kuma amsawa. Ko kifi zai saya, sai ya sa riga mai tambarin jami'a. Bai sake taka harabar ba tun da ya karɓi digiri, domin ƙauna irin tasa ba ta bukatar ziyara.

Kowace shekara jami'a kan sa ɗalibai su buga mana waya neman gudummawa. Mukan ba da abin da ya sawwaƙa mu koma kan dokununmu, tuwon masara na ƙasarmu. Lauya kuwa ya ɗauka shawararsa ake nema. Bana wata ɗaliba, Araba, ta faɗa hannunsa.

"Papa, muna kira ne saboda ɗakunan kwananmu, matsalar..."

"Na san matsalarku, 'yata. Rashin tarbiyya. A zamaninmu ƙararrawa ake kaɗawa, mu shiga ɗakin cin abinci cikin alkyabba, mu yi addu'a da Latin. Kin iya Latin?"

"A'a, Papa, amma famfon..."

"Kin gani? Faɗa wa Shugaban Jami'a na ji kukansa."

An yi wannan zamani kam, har da miyar gyaɗa ranar Lahadi da cokali mai yatsu a hannun hagu.

Lauya ya sa aka kawo ƙararrawar tagulla daga Ingila. Burinsa ɗaya: ya kaɗa da hannunsa, ɗalibai su fito a jere su rusuna masa, a gaban 'yan jarida da mu da muka tsufa muna yi masa dariya.

Ranar taron tsofaffin ɗalibai ya iso cikin kente, saƙaƙƙen zanen alfarma na ƙasarmu. Ɗakin cin abincin ya zama shagunan aski da gyaran waya, amma babban mutum ba ya ganin ƙananan abubuwa.

"Yau zan maido wa gidan nan hankalinsa," in ji shi. "Ku tsaya ku ga tarbiyya."

Abin da bai bar Araba ta faɗa ba shi ne famfuna sun ƙafe tun bara, kuma direban tankar ruwa ƙarfe yake bugawa idan ya iso.

Lauya ya kaɗa. Ɗalibai suka ɓarko a guje da bokitai da jarkoki. Ya buɗe hannuwa ya tarbe su, suka wuce shi ta dama da hagu, wani bokiti ya tafi da rabin kentensa. Suka zaga bayan gini, babu tankar ruwa. Sai wani ƙato ɗaure da tawul ya dawo wurinsa.

"Kawu, ina motar?"

"Wace mota? Ni ne Dadson."

"To, Kawu Dadson, in ba ruwa ka kawo ba, don Allah ka daina wasa da ƙarfen mutane."