Saniyar Malam Namadi Mai Ƙafa Uku

"To madalla, lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. Ke kuma daga ina da wanga naɗi kamar mai tallar tabarma?"

Malam Namadi ke nan a zaurensa, ya katse gaisuwar jikarsa Khairiyya tun ba ta kai ƙarshe ba. Tsohon malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu, kuma duk wanda ya yi aji ɗaya a garin ya san hannunsa, don shi ya zane bangon ajin da dabbobi tun yana da ƙarfinsa. Daminar bara bangon ya rushe. Aka sake gina shi da bulo, aka shafe shi fari fat. Tun daga ranar tsohon bai ƙara bin hanyar makarantar ba, ko kasuwa za shi sai ya zaga ta bayan masallaci. Ga hannu ya fara rawa, ko ludayi da ƙyar yake kai shi baki. Abin yana cin sa ƙwarai, amma bai taɓa gaya wa kowa ba. To kuma ajin nan ne aka ba Khairiyya da ta kama aikin koyarwa, tun kafin rushewar.

"Daga Gummi nike, angona. Kayan adon aji na je anka bugo mani."

"Ado? Ke da ko kwalli ba ki iya sawa daidai, ke za ki yi ma aji ado? Ni dai na yi hasarar sadaki."

"Wane sadaki? Goro guda ka ba da, shi ma da tsutsa ciki. Inna ta shaida."

"Tsutsar ita ta naman biki, ba ki da godiya."

Khairiyya ta durƙusa ta warware takardun a kan tabarma. Ga baƙaƙe manya-manya, ja da kore da shuɗi, ga lambobi, ga rana da wata, ga kifi. Tsohon ya yi kamar ba ya kallo, amma idonsa na kai.

"Wa ya zana maki?"

"Ba kowa. Cikin waya na sauko da su, na kai mai shagon kwamfuta, kafin in gama shan ruwan leda ya hiddo su."

"Kin ji ragwanci! Mu da munka yi aikin, tsani muke hawa, fenti har cikin gemu. Ke kin zauna kina latsa waya kamar mai kashe ƙwarƙwata."

"Shi ya sa har yau gemun bai koma daidai ba."

"Takarda ta fa, yarinya. Gara ta ji labari, yanzu haka tana wanke hannu."

"Ta ci ta ƙoshi, in sake bugowa."

"Akuyar hedimasta fa? Wagga da ta cinye rajista?"

"Ita ma a ba ta rabonta. Asalin yana cikin waya, ba ya tsufa, ba ya tari da dare kamar wani da na sani. Zango ya canza in canza su. Ƙawata Zinatu da ke koyarwa Anka ta ce tana so, na tura mata, ta bugo nata ko mota ban shiga ba."

Malam Namadi ya ja tsaki, ya sa sanda yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, yana neman abin kushewa. Allah kuwa ya ba shi. Ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Wanga kuma mine ne?"

"Saniya ta."

"Saniya! Ina tozonta? Ina ƙaho? Wagga ai katifa ta anka ɗora ma ƙafafu. Ki kai ta gaban ɗiyan Fulani, wallahi har ruga za a ji labarinki."

"An riga an ji. Na nuna masu ita cikin waya, wani ya ce jaki na mai kumburin ciki. Ba wanda ya yarda ya maimaita karatun baƙi, 'sa, saniya'."

"Alhamdu lillahi! Waya ta sha ƙasa. Tattara ki koma gidanku, na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Tsaya tukuna, tsoho mai gaggawa. Saniyar Turawa ta, ba da ita za ni aji ba. Ga tawa."

Ta jawo naɗi na ƙarshe, wanda ya fi sauran girma, ta shimfiɗa shi a gabansa, ta danne gefunan da takalmanta.

Nan take dariyar ta ɗauke. Jar saniya ce mai tozo da dogayen ƙahoni, ga ma tsagar bango ta ratsa ta kusa da wutsiya. Tasa ce. Ita ce wadda ya zana da hannunsa, wadda ya ɗauka ruwa ya tafi da ita har abada. Ya kai yatsa ya shafa tozon a hankali, idonsa ya ciko, sai ya hau gyaran murya.

"Ina kinka samo ta?"

"Ranar da anka ba ni ajin na ɗauke ta hoto, kafin bangon ya faɗi. Don in riƙa yi maka dariya na aje ta. Dubi nan. Ɗaya, biyu, uku. Ina ta huɗun?"

"Tana baya, ta ɓoye."

"Fenti ya ƙare maka, garin ga kowa ya sani. Har na kai aji uku ina gardama da mutane cewa saniya ƙafa uku gare ta."

"Ke daƙiƙiya ta tun asali. Saniyar ga, Bafillace ya taɓa leƙowa ta taga ya taya ta. Ƙuda har bin ta suke yi."

"Ƙuda kai suke bi." Ta ciro jan alƙalami mai kauri daga jakarta ta miƙa masa. "Ungo. Biya ɗiyan mutane ƙafarsu."

Ya dubi alƙalamin, ya dubi hannunsa da ke karkarwa a kan gwiwa. Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Khairiyya, hannun ga ya tafi. In na taɓa ta ɓata ta za ni yi."

"Ɓata ta, Kaka. Ka ɓata goma, in bugo goma sha ɗaya. Wagga saniya ba ta ƙara mutuwa."

Ya gyara zama. Sannan ya karɓa, ya sunkuya, ya yi bisimilla ya ja layi. Ƙafar ta fito a karkace, ta yi gwiwa biyu, kofaton ya nufi gabas. Khairiyya ta riƙe ciki tana dariya.

"Shi ke nan, da gurguwa ta, yanzu ta koma mai rawa!"

"Rawar murna take, ta ga ubangidanta." Shi ma dariyar yake yi, yana share ido da hannun riga. Ya laluba aljihu ya ciro farin goro ya jefa mata. "Ungo cikon sadakinki, wanga ba tsutsa. Kin ci, na mayar da ke."

"Na gode, angona. Wagga mai rawar ita za ni mannawa."

"Ke? Ki manna mani saniya a karkace, tozo ƙasa? Miƙo mani takalmana."

"Ta bayan masallaci za mu zaga?"

Malam Namadi ya dafa sanda ya miƙe, ya naɗe saniyarsa ya saka a hammata.

"Ta ƙofar makaranta. Wuce gaba, raguwa."